Ku Rubuta Asalinku Tun Masu Sani Suna da Rai

Ya ku 'ya'yana da jikokina na Kankiya da Kusada, da na Rimaye, Yashe, Kafin Soli, Mawashi, Sukuntuni da sauran garuruwan da ke kewaye da mu. Ku ba ni aron hankalinku kaɗan, magana ce a kan gidajenku.

In aka tsayar da ɗayanku aka ce ya faɗi sunan ubansa, da na kakansa, da na uban kakansa, har ina zai kai? Yawancinku a kan kaka kuke tsayawa. Ta wajen uwa kuwa abin ya fi ban tausayi, don akwai wanda bai san ko garin da aka auro kakarsa ba. Amma wannan yaron, in ka ce ya jero maka 'yan ƙwallon wata ƙungiya ta Ingila, zai kawo su duka ba gargada. Ban ga laifinku sosai ba, don ba a zaunar da ku an gaya muku ba, ku kuma ba ku tambaya ba.

Su mutanen Ingilan da kuke kallo, ba su yi wasa da nasu ba. Tun 1538 aka umarci kowane coci, har na ƙauye, ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. A 1837 gwamnatinsu ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma daga ƙidayar 1841 aka riƙa rubuta sunan kowa da gidan da yake. Shi ya sa za ka ga jikan manomi a can ya bi sawun kakanninsa na shekara ɗari biyu ko uku, har ya gano ƙauyen da suka zauna da sana'ar da suka yi. Ba su fi mu son iyaye ba, rubutu kawai suka yi. Mu namu kundin yana cikin ƙirjin tsofaffi, kuma kullum ana kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya.

Yadda muke sa suna ma yana taimakawa wajen yankewar salsala. Audu ya haifi Musa, a makaranta aka rubuta Musa Audu. Musa ya haifi Sani, aka rubuta Sani Musa. Ɗan Sani kuwa da ya je jami'a sai ya liƙa Kankiya ko Kusada a ƙarshen sunansa, shi ke nan Audu ya ɓace. Ga kuma alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, yaron da ya ci sunan kakansa kuma a kira shi Abba ko Baffa har ya tsufa. Sau da yawa sai ranar rabon gado ake jin sunan yankan mutum. Alkunya tarbiyya ce mai kyau, ku riƙe ta, amma takarda ba ta jin kunya. In za ku rubuta, ku sa sunan yanka da laƙabi gaba ɗaya.

Wani zai ce, to Baba, mene ne amfanin tonon sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya? Na farko zumunci. Addininmu ya kwaɗaitar da mu sanin nasaba gwargwadon abin da za mu sada zumunta da shi, kuma ba yadda za ka ziyarci ɗan'uwan da ba ka san da shi ba. Mutanenmu sun bazu. Wasu sun tafi cin rani Kano ko Kurmi suka zauna, wasu suna Maraɗi, wasu kakanninsu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan ba su dawo ba. Matsalar tsaron shekarun nan kuma ta tashi ƙauyuka da dama a jiharmu, gida ɗaya ya rabu uku. Yaran da za su tashi a sababbin wurare, in ba a rubuta musu ba, ba za su san ko sunan garinsu na asali ba.

Na biyu haƙƙi. Ku dubi yadda rigimar gona take farawa a wajenmu. Kaka ya rasu, 'ya'yansa suka ci gaba da noman gandu ba a raba ba. Ɗaya daga cikinsu ya rasu ya bar marayu, 'yar'uwarsu tana aure a wani gari ba a ko tuna da ita ba, wani ɓangaren gonar kuma dama aro ne ko jingina. Bayan shekara arba'in jikoki suka tashi rabo. Alƙali zai tambaya: wa ya haifi wa, wa ya riga wa rasuwa, mata nawa mamacin ya bari? Ranar nan ake neman tsohon da ya san inda gambar iyaka ta bi da wanda ya dasa ta, sai a tarar ya rasu bara. Daga nan sai rantsuwa, sai gaba, 'yan ɗaki ɗaya su daina gaisawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku aure. Shayarwa tana haramta abin da nasaba ta haramta, kuma a da mata suna shayar da 'ya'yan juna in uwa ta rasu wajen haihuwa ko ta kwanta ciwo. Maza ba su cika sanin wannan ba. Tsofaffin mata ne suka san wa ya sha nonon wa.

Saboda haka ku fara da su. Mun saba in ana maganar tarihi sai a nufi zauren dagaci ko na liman, a manta da cikin gida, alhali kakarku ita ce ta je kowane biki da kowane suna da kowace ta'aziyya. Ku yi lissafi: tsohuwar da aka haifa zamanin Sarkin Katsina Dikko, wato kafin 1944, mai yiwuwa ta tashi a ɗakin kakarta wadda ta ga zuwan Turawa Katsina a 1903. Bakin mace ɗaya ke nan zai kai ku baya shekara ɗari da ashirin. Littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954 kuma masana ke karantawa har gobe, ba komai ba ne illa hirar da wata Baturiya, Mary Smith, ta yi da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950.

In za ku je, kada ku je kamar masu ƙidaya. Ku riƙe goro ko ɗan abin da take so, ku durƙusa ku gaishe ta, ku zauna a tabarma. Kada ka ce mata, “Iya, ba ni tarihin gidanmu,” za ta ce ita me ta sani. Ka ce, “Iya, ranar da aka kawo ki gidan nan, wa ya riƙo ki? A kan doki ko a ƙasa? Wa kika tarar a ɗakin can na kudu?” Za ka ga ta gyara zama. In ta zo kan sunan da ba za ta iya faɗa ba, za ta ce mai sunan wane, ko ta ce a tambayi ƙanwarta. Kada ka matsa mata. In ta ratse ta shiga labarin wata akuya da ta ɓata shekarar fari, ka bar ta, a cikin ratsen ake tsintar abin da ba a tambaya ba. Ka nemi izininta kafin ka kunna wayar ɗaukar murya, in ka ga ta gaji ka tashi, gobe ma rana ce. Abin da ta ce sirri ne kuma, ya tsaya a sirri.

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da aukuwa suke ƙirgawa, sai ku san aukuwar. Sarki Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Sarki Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Sarki Muhammadu Kabir Usman daga 1981 zuwa 2008. In aka ce an haifi wane da yunwar Kakalaba, wajajen 1914 ke nan. 'Yar Buhu 1927 ce, 'Yar Gusau 1942, ko da yake sunayen yunwa sukan bambanta daga gari zuwa gari. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956, rasuwar Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, shekarar da aka yi babban fari. Ɗibar yara makaranta ta UPE 1976, ƙirƙiro Jihar Katsina 1987, lokacin da Kankiya take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 7 kacal da jihar ta fara da su. Laƙabi ma yana ba da haske: Azumi da watan azumi ta zo, Nomau da damina, Gambo bayan tagwaye, Tanko bayan mata. In kun ji Gambo a salsala ba ku ji Hassan da Husaini ba, to akwai waɗanda aka tsallake, ku sake tambaya.

Bayan mutane, ku dubi garin kansa. Kafin Soli da Kafin Dangi, sunayensu kaɗai sun nuna garuruwa ne da aka kafe don tsaro. Da jihadi ya ci Katsina wajajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa mulki a Maraɗi, aka kuwa shafe shekaru masu yawa ana kai hari tsakanin ɓangarorin biyu. Mutane suka riƙa taruwa a garuruwa masu kafi da ganuwa, da ƙura ta lafa kuma suka fantsama cikin gonaki suka kafa unguwanni. Shi ya sa gidaje da yawa za su ce muku daga wuri kaza muka taso. Ku sa a kai ku wurin. In kun ga kukoki sun taru a tsakiyar gona, ga tsohuwar rijiya da ta rufta, ga ramukan marina, ga ɓaraguzan tukwane garma tana tonowa, to kufai ne, a nan kakannin wani suka kwana. Ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan wurin da gonar wanda yake ciki yau. Ku tambayi jerin dagatai da limaman garinku, da yadda sarautar Kangiwa ta zo Kankiya, da ta Bebeji a Kusada. Wanzamai sun san tsagar kowane gida, maroƙa da makaɗa sun riƙe kirarin gidaje, sai dai ku tuna maroƙi don a ba shi yake yi, ku tace abin da ya faɗa.

Takardu ma akwai su, ko da ba yawa. Ku nemi izini a buɗe tsohuwar adakar nan ta ɗakin kaka. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a wata warƙa su sa cikin gafaka. Akwai takardun cinikin gona masu sunayen shaidu, da rasiɗin haraji da jangali, waɗanda magidanta suka biya har 1979 da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna. Ku da kuka yi karatu mai zurfi, akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomin Katsina a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa a can, ga Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. Maƙwabcinmu ne, Dokta Yusufu Bala Usman na Musawa, ya haɗa irin waɗannan takardu da hirar tsofaffin garuruwa, ya fitar da littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Ya rasu a 2005. Shi ya yi na ƙasa baki ɗaya, na gidanku kuwa ba mai yi muku.

Saura magana mafi nauyi, ita ce gaskiya. Duk mai tonon asali zai iske abin da bai zata ba. Wani zai tarar kakan kakansa Bamaguje ne, daga baya ya musulunta. Wani zai tarar an kamo kakarsa a yaƙi, don bauta ba ta gama ƙarewa a dokar Arewa ba sai 1936. Wani maƙeri zai samu, wani majemi, wani mahauci, wani Bafillatanin daji. Ba ɗaya a cikin waɗannan da yake abin kunya. Abin kunya shi ne ka goge sunan wanda ya haife ka ka aro na wani. Yanzu an shiga yayin kowa jinin sarauta ne, kowa Sharifi ne, kowa kakansa daga Gabas ya zo. In duk garin 'ya'yan sarki ne, wa ya noma geron da aka ci? Shari'a ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, kuma Suratul Hujurati ta nuna mana an yi mu dangi-dangi ne don mu san juna, fifiko kuwa yana ga tsoron Allah. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, ku rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Inda aka ce ba a sani ba, ku bar gurbin haka nan. Kuma abin da kuka gano na gidan wani, kada ya zama abin gori a bakinku. Wanda ya yi wa wani gorin asali, bai gama tona nasa ba ne.

Don haka, 'ya'yana, kowane gida ya sami yaro ɗaya, namiji ko mace, da zai ɗauki wannan aiki. Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi ya isa. Ku ware shafi ga kowane magidanci: sunansa, iyayensa, matansa da garuruwansu, 'ya'yansa har da waɗanda suka rasu suna ƙanana, sana'arsa, gonakinsa, da inda aka binne shi. Kada ku dogara da waya kaɗai, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ku yi kwafi uku ku raba a gidaje uku. In an taru da Sallah a karanta a gaban manya su gyara, a yi wa waɗanda aka ambata addu'a. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, kada ya jira a gama girbi, ya je a wannan makon. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu tuna ku.