Ƙarin Jini da Numfashi: Awa Shida na Farko

Da damina, idan sauro ya yi yawa a ƙauyukan bakin tafkin Lagdo, yara da yawa sukan zo asibiti zazzaɓi ya shanye musu jini. Haka ma mata masu zubar da jini bayan haihuwa. Ƙarin jini ne yake ceton su. Amma akwai wata matsala, ba ta cika faruwa ba, da ya kamata kowane mai jinya ya sani.

Idan aka bar ledar jini ta kwanta, za ku ga jajayen ƙwayoyi a ƙasa, da wani ruwa rawaya a sama. Wannan shi ne ruwan jini, kuma ya fi rabin jinin. A cikinsa akwai abubuwan da jiki ya ƙera don yaƙar baƙon abu. Wani lokaci idan suka shiga jikin marar lafiya, sai su ɗauki fararen ƙwayoyin jininsa a matsayin baƙi, su tsokane su. Faɗan yakan ɓarke ne a ƙananan jijiyoyin huhu, waɗanda sun fi gashi siranta. Jijiyoyin su kumbura, su riƙa yoyo kamar tsohuwar salka, ruwa ya cika wurin da iska take shiga.

Wannan yakan faru ana cikin ƙarin jinin, ko cikin awa 6 bayansa. Numfashi ya yi sauri ya yi wuya, leɓe ya canza launi, jiki ya yi zafi, wani lokaci kumfa ta fito a baki. Da kun ga haka, ku kira nas nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ku ba shi ruwa ko jiƙo. Nas zai tsayar da jinin, ya sa masa iskar oksijin. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin kwana 2 zuwa 4, amma wasu sai an kai su babban asibiti a Garwa, kuma jinkiri yana kisa.

An fi samun waɗannan abubuwa a jinin matan da suka yi ciki sau da yawa, domin jikin uwa yakan ƙera su saboda abin da jariri ya gado daga ubansa. Ba cuta ba ce, ba kuma laifinta ba ne. Ita lafiyarta ƙalau. A Ingila tun 2003 aka koma ɗibar ruwan jini galibi daga maza, matsalar kuwa ta ragu ƙwarai.

A nan, dangi ne suka fi ba da jini, uwa kuma ita ce ta farkon miƙa hannu. To, ɗanta ne ya fi kowa ɗauke da abin da jininta zai iya tsokana. Saboda haka in yaro yana bukatar jini, ku zo da maza lafiyayyu biyu ko uku a gwada su. In babu kowa sai uwa, ta faɗa wa nas cikinta nawa, likita ya yanke shawara.