Modem Mai Araha da Batirin Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, ga wata tambaya da ta dami masu kwamfutar cinya wajen shekarar 2000. Mutum ya haɗa kwamfutarsa da wayar tarho don ya shiga intanet, ba ya yin kome sai jiran wasiƙa, amma sai ya ji fanka tana ta gurnani, cinyarsa ta ɗau zafi, batiri kuwa ya ƙare tun lokacinsa bai yi ba. Shin me ya ke shan wutar? Yanzu an bar shiga intanet ta wannan hanya sai nadiran, amma amsar za ta amfani duk mai kwamfuta a cikinmu.

Mu fara da aikin modem. Kwamfuta ba ta san kome ba sai 0 da 1, wayar tarho kuwa don murya a ka yi ta. Modem shi ne tafinta a tsakaninsu, watau ya juya lambobi su zama sauti, in sauti ya zo daga can kuma ya mai da shi lambobi. Kukan nan da a kan ji sa'ad da a ke haɗa layi, modem biyu ne su ke gaisawa, suna gwada kyawun layin. Bisa ƙa'idar V.90 ta 1998 gudun ya kai bit 56,000 a daƙiƙa, a takarda dai, gama layi mai ƙugi ba ya kai haka.

Tafintar nan lissafi ne mai yawa ƙwarai: a tace ƙugi, a kashe amsa-kuwwa, a gyara kuskure. Modem na asali yana da 'yar ƙwaƙwalwa tasa mai yin wannan duka. To, da furosesa, watau babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi ƙarfi, balle bayan da kamfanin Intel ya fito da MMX a 1997, sai masu ƙira su ka cire 'yar ƙwaƙwalwar, su ka ɗora wa furosesa lissafin ta hanyar manhaja. A kan kira irinsu Winmodem, domin yawancinsu sai da Windows su ke aiki. Sun yi araha, ba su cin wuri, shi ya sa su ka cika kwamfutocin cinya.

Ga inda batiri ya shigo. Furosesa takan yi gyangyaɗi duk sa'ad da ba ta da aiki, ko da tsakanin buga harafi ɗaya da na biye ne, kuma da gyangyaɗin nan ta ke tanadin wuta. Amma sautin layi ba ya yankewa. Ko ba a aika kome, tilas modem biyun su riƙa jin juna, in ba haka ba layi ya tsinke. Saboda haka a kan ta da furosesa ba fasawa, kamar malamin da ya kishingiɗa bayan azahar yara na ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wuta ta tafi, zafi ya taso, fanka ta tashi, ita ma da nata cin.

Zafin nan kuwa ya fi ƙarewar caji illa, don caji a kan sake shi, amma abin da zafi ya ci daga ƙarfin batiri ba ya komowa. Batirin kwamfutocin yanzu na lithiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Abu uku ke tsufar da shi da wuri: zafi, da daɗewa a cike maƙil, da barinsa ya ƙare ƙaf. Mafi muni shi ne na farko da na biyu su haɗu, kamar kwamfutar da a ka bari jone da wuta a kan katifa, ƙofofin iskarta a toshe. Na sha gani a ɗakunan kwananmu.

Akwai masu cewa wai sai batiri ya mutu sarai sa'an nan a sa masa caji. Wannan shawara ta zamanin batirin nikel da kadmiyam ce, ga na lithiyam kuwa cuta ce. Ku sa caji tun da sauran kashi 20 bisa 100, in da hali ku zare wajen kashi 80. Na san inda wuta ba ta da tabbas kowa so ya ke ya cika, ba laifi, amma in ya cika a zare. Wanda zai ajiye kwamfuta don dogon hutu ya bar cajin wajen rabi, ya kashe ta sosai, ya sa ta wuri mai sanyi. Batirin da ya kumbura kuwa kada a huda shi, kada a ƙara sa masa wuta, a kai wa mai gyara.

Ga aiki na wannan mako. Mai Windows ya rufe duk abin da ya buɗe, ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya duba kashi nawa na furosesa ke aiki alhali shi ba ya yin kome. In adadin ya ƙi sauka, ya nemi sunan manhajar da ke bisa jerin, ya rubuto shi, mu duba tare a aji.