Madubin da ke Hango Jiya

Wasiƙarmu ta fari a yau ta fito ne daga wani malami a Damagaram, wanda ya ji ana cewa an harba wani madubi sama mai hango abin da ya auku tun zamanin da, yana kuwa tambaya ko wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce.

To, Allah ya gafarta Malam, ba gaibu ba ne, hujjar ma tana cikin takardarka, domin ka rubuto cewa hunturu ya matsa muku, alhali kafin ta iso hannuna sanyin ya ja baya, labarin jiya nake karantawa. Shi ma haske ɗan aike ne, kuma ko da yake yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, faɗin samaniya ya kai yadda na rana sai ya yi minti 8 da ɗoriya kafin ya riske mu; na taurarin nan kuwa da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, Surayya a wurin malaman falaki, ya haura shekara 400 a hanya, wato abin da za ka gani daren yau ya taso tun ba a haifi Shehu Usmanu ba.

Madubin sunansa James Webb. Hukumar NASA ta Amurka, da haɗin gwiwar Turai da Kanada, ta harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021, ya tafi ya zauna kilomita miliyan 1.5 daga ƙasa. Faɗinsa mita 6.5, ɓangarori 18 aka harhaɗa, aka shafe su da zinariya. Hikimar ita ce, da yake sararin yana ta buɗewa, hasken da ya daɗe a tafiya yakan miƙe har ya zarce ja, ya koma irin wanda ido ba ya gani, sai dai fata ta ji shi a matsayin ɗumi. Saboda haka aka yi wa madubin laima mai hawa biyar, don kada zafin rana ya makantar da shi, har ya iya kama hasken da ya shekara fiye da biliyan 13 yana tafe.

Malam ya ƙara da tambayar ko za a iya nuna masa kakanninsa da shi. Ina! Haskensu ya bar duniya tuntuni, mu kuwa muna bayansa, ba kuma mai cim masa.