Allahn Yaƙin Romawa da Ya Maƙale a Kalandarmu

Kowace safiya mukan rubuta kwanan wata a saman littattafanmu kafin malami ya soma darasi. Mun saba da wannan har ba ma tsayawa mu tambayi ma'anar abin da muke rubutawa. Amma duk ranar da muka rubuta "Maris", sunan wani allahn arna ne muka rubuta, watau Mars, wanda Romawan dā suka ɗauka shi ne allahn yaƙi. Bari mu bi sawun wannan suna mu ga inda ya fito da inda ya kai.

Romawa ba su ɗauki Mars da wasa ba. Bisa ga tatsuniyarsu, shi ne uban tagwayen nan Romulus da Remus, waɗanda aka ce kyarkeciya ce ta shayar da su, Romulus kuwa shi ya kafa birnin Roma a shekara ta 753 kafin haihuwar Almasihu. Ke nan Romawa suna ganin kansu jikokin allahn yaƙi ne. Filin da sojojinsu suke rawar daji a bakin kogin Tiber ma sunansa Filin Mars.

Me ya haɗa shi da watan Maris? A ƙasar Italiya sanyi yakan hana mayaƙa fita. In Maris ya kama, sanyi ya ja baya, hanyoyi sun buɗe, sai manomi ya nufi gona, soja kuma ya nufi fagen fama. A cikin watan ne waɗansu firistoci da ake kira Salii sukan zaga gari suna rawa da tsalle, suna buga garkuwoyi. A watan Oktoba kuma sai a yi bikin tsarkake makamai a ajiye su. A nan ƙasar Hausa abin ya sha bamban, gama sarakunan dā sukan jira a gama girbi, rafuffuka su janye, sa'an nan a fita yaƙi da rani. Amma dabarar ɗaya ce: yanayi ne yake ba da izinin yaƙi.

A kalandar Romawa ta farko Maris ne watan ɗaya. Wannan ya warware wata matsala da takan dami ɗalibai masu lura. A harshen Latin septem bakwai ne, octo takwas, novem tara, decem goma. To, yaya aka yi Satumba ya zama wata na tara, Disamba kuma na goma sha biyu? Mu ƙirga daga Maris da yatsunmu, za mu ga lissafin ya fita daidai. Daga baya ne Janairu da Fabrairu suka shiga gaba. Tun daga shekara ta 153 kafin haihuwar Almasihu shugabannin Roma suka riƙa kama aiki ran 1 ga Janairu, amma ba wanda ya damu ya gyara sunayen watannin ƙarshe. Ingila ma sai a 1752 ta daina soma sabuwar shekara ran 25 ga Maris.

Mars bai tsaya a wata kaɗai ba, ya kama rana guda cikin mako. Romawa sun kira Talata "ranar Mars", daga nan Faransanci ya sami mardi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a makaranta. Kakannin Turawan Ingila ba su bauta wa Mars ba, suna da nasu allahn yaƙin mai suna Tiw, sai suka cire sunan Mars suka sa nasa, aka sami Tuesday. Mutanen arewacin Turai suna kiransa Tyr, suna kuma ba da labari cewa hannu ɗaya gare shi, domin ya sa ɗayan a bakin wani ƙaton kyarkeci a matsayin jingina don sauran alloli su sami damar ɗaure dabbar, ita kuwa ta gutsure shi.

Mu masu jin Hausa mun tsira daga wannan a wajen ranaku. Sunayen ranakunmu daga Larabci suka zo, yawancinsu kuwa ƙidaya ce kawai: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Saboda haka Talatu ta ajinmu, sunanta bai wuce "wadda aka haifa a rana ta uku" ba.

Ba kowa ne ya ji daɗin ganin sunayen gumaka a bakin masu bi ba. A ƙarni na 6 an yi wani bishop a Braga, cikin ƙasar Fotugal ta yanzu, wanda ya yi wa'azi da zafi cewa bai kamata a kira ranakun da Allah ya yi da sunayen Mars da Jupiter da Venus ba. Maganarsa ta yi tasiri, gama har yau Fotugisawa ƙirga ranakun aiki suke yi, Talata a wurinsu terça-feira ce, watau rana ta uku, daidai da tamu. Bayan shekara fiye da dubu, Kiristocin nan na Ingila da ake kira Kwaka su ma suka ƙi, suna cewa "Rana ta Uku", "Wata na Uku".

Abin dariya a nan shi ne sunan bishop ɗin nan na Braga. Sunansa Martin, ma'anar Martin kuwa ita ce "na Mars". Ya kori allahn yaƙi daga mako, amma yana ɗauke da shi a goshinsa. A ganinmu ba munafunci ya yi ba, domin kafin zamaninsa sunan ya riga ya sake ubangida.

Wanda ya jawo haka shi ne Martin na Tours. An haife shi a ƙarni na 4 a yankin da yake ƙasar Hangari a yau. Mahaifinsa hafsan soja ne mai bautar allolin Roma, don haka ba mamaki da ya raɗa wa ɗansa sunan Mars. Yaron ya shiga sojan doki. Ana ba da labari cewa wata rana cikin tsananin sanyi, a ƙofar garin Amiens na Faransa, ya tarar da wani maroƙi yana rawar ɗari, sai ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Daga baya ya ajiye makami ya ce shi sojan Almasihu ne, ba zai ƙara yaƙi ba. Aka zarge shi da tsoro, ya ce a shirye yake ya tsaya a gaban rundunar abokan gaba hannu wofi. Ya zama bishop na Tours a 371, ya rasu a 397, aka binne shi ran 11 ga Nuwamba.

Wannan ranar ce ta ci gaba da yaɗa sunan. Ran 10 ga Nuwamba 1483 aka haifi wani yaro a garin Eisleben na Jamus, washegari aka yi masa baftisma. Da yake ranar tunawa da Martin ce, sai aka sa masa suna Martin, shi ne Martin Luther. A 1934 wani fasto baƙar fata na Amurka mai suna Michael King ya ziyarci Jamus, da ya koma gida ya sake sunansa da na ɗansa zuwa Martin Luther King. Ɗan nan shi ne ya jagoranci neman 'yancin baƙar fata ba tare da ɗaukar makami ba, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1964. Markus ma, sunan da yake kan Linjila ta biyu, kuma yake cikin rajistar kusan kowane aji, masana harshe suna danganta shi da Mars.

Akwai sauran kalma ɗaya da labarin Martin ya bar mana. Sarakunan Faransa na dā sun adana abin da suka gaskata rabin alkyabbar nan ne, har suna tafiya da shi yaƙi don neman nasara, abin da mai alkyabbar da kansa ba zai yarda da shi ba. Ƙaramar alkyabba a Latin sunanta cappella. Sannu a hankali ɗakin da ake ajiye ta ya ɗauki sunan, haka ma firistocin da suke tsaron ta. Daga nan Turanci ya sami chapel, ɗakin da muke taruwa don sujadar safe, da chaplain, mai yi mana wa'azi a cikinsa.