FILIN MANOMA: Kada Ruwan Ƙazanta Ya Shiga Kogi

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙauyen da ke bakin kogi, in ya saki ruwan kwatarsa da bayan gidansa suka gangara, mutanen da ke ƙasa da shi su za su sha, su shayar da dabbobinsu, su yi ban ruwan lambu. Ta nan kwalara take bi, wadda ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, haka kuma zazzaɓin taifot da atuni. Tsargiya ma haka ne. Mai ita in ya yi fitsari a rafi, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa, bayan 'yan makonni su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan.

Maganin farko shi ne shadda. A haƙa ta nesa da rijiya da bakin kogi, aƙalla mita 30, watau kamar taku arba'in na babban mutum. Gindin ramin kuma kada ya kusanci ruwan ƙasa, a bar tsakani kamar mita ɗaya da rabi. In ta cika a rufe ta da ƙasa, a koma wata. Bayan shekara biyu abin da ke ciki ya ruɓe, ƙwayoyin cuta sun mutu, ya zama taki mai kyau.

Na biyu, ruwan wanka da na wanke-wanke. Kowane gida ya haƙa rami a bakin rariya, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, tsakuwa a sama, ƙasa ta riƙa shanye ruwan. Wanda ya dasa ayaba ko gwanda a gefe ya sami riba biyu: ba tafkin sauro a ƙofar gidansa, ga kuma abin kai wa kasuwa.

Amma ƙauye mai kasuwa da mahauta, ruwansa ya fi ƙarfin rami ɗaya. Sai a yi gayya a haƙa kududdufai uku a jere, can bayan gari, inda ambaliya ba ta kaiwa. Na farko mai zurfi, kamar mita 3, nan dauɗa take kwanciya ta ruɓe. Na biyu mai faɗi, zurfinsa mita ɗaya da rabi. A cikinsa gansakuka takan fito, ruwan ya yi kore. Kada a ce ya ɓaci, aikinsa ke nan, gama ita ke ba ruwan iskar da ƙananan halittu masu cinye dauɗa suke bukata. Na uku kamar mita ɗaya, don rana ta ratsa shi ta kashe sauran ƙwayoyin cuta. Ba inji, ba mai, sai dai haƙuri, don ruwan yakan yi makonni kafin ya fita. Ƙasar zafi kuwa ta fi kowace dacewa da wannan dabara.

Ruwan da ya fita, a bi da shi ta cikin jema kafin ya kai kogi, saiwarta tana tace laka. A guji kacalla, ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, ta hana noma da su. A shinge kududdufan saboda yara da awaki, a riƙa nome bakinsu don sauro. Ruwan ya yi wa masara da rake da itatuwa, amma ban da latas da sauran abin da ake ci ɗanye.

To, masu unguwanni da sarakunan noma, rani ne lokacin haƙa, kafin ruwa ya sauka. A nemi malamin tsabta ya duba wurin tukuna. Wanda ke gabar kogi ya tuna akwai wani ƙauye a samansa, abin da yake so su yi masa, shi ma ya yi wa na ƙasa.