UWARGIDA, FARA DA ASIBITIN UNGUWARKU

Kafin layi ya zo kanki, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

A da, in yaro ya yi zazzaɓi sai a saɓa shi a shiga mota zuwa babban asibitin birni, a wuni a layi. Wata uwar ma, don gudun kuɗin mota, sai ta zauna a gida har ciwo ya ci ƙarfin yaron. Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata a 1978, suka yarda a kai aikin lafiya kusa da jama'a. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ya dage a kan haka da ya zama Ministan Lafiya a 1985. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta keɓe asusu don ƙananan asibitoci. Nufin shi ne kowace mazaɓa ta sami ɗaya mai aiki. Ba a kai ga haka ko'ina ba tukuna, amma wannan da kike zaune a ciki naki ne.

A nan ake awon ciki. Ki fara zuwa da wuri, kada ki bari sai ciki ya tsufa.

A nan ake allurar rigakafi, kyauta. Ki kawo jariri da an haife shi, sannan a sati 6, sati 10 da sati 14. A wata 9 ake yi masa ta ƙyanda, a maimaita a wata 15. Mata da yawa sukan zo sau biyu su daina, wai yaro ya yi zazzaɓi bayan allura. Wannan ɗan zafin jikin yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙyanda fa tana makantarwa, tana kisa. In kin tsallake ranarki, ki zo hakanan, za a ci gaba daga inda aka tsaya.

In yaro yana gudawa, karɓi ƙunshin gishiri da sukari, ki kaɗa shi cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada ki hana shi nono. In zazzaɓi ne, bari a ɗan ɗiga jininsa a gwada tukuna, don ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba.

Abin da ya fi ƙarfinmu ba ma riƙewa. Jijjiga, kasa kama nono, zubar jini ga mai ciki, ko naƙuda da ta wuce awa 12, za mu rubuta miki takarda zuwa babban asibiti. Ki tafi a take, kada ki ce sai gari ya waye. Ku shirya da maigida tun yanzu a kan mota da kuɗinta.

Ki adana katin yaro cikin leda, ki zo da shi kowane zuwa.