FILIN MANOMA: Fadamar Hannu Mai Tace Ruwan Kwata

Da rani masu lambu a gefen kogin Jakara a Kano suna shayar da latas da alayyafo da ruwan kwatamin birni. Ruwan nan yana da taki, amma yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin zawo. Mai ban ruwa da mai cin ganyen ɗanye duk suna cikin haɗari.

To, akwai dabara. An daɗe da lura cewa ruwan da ya ratsa fadama yakan fito garau. Wata masaniyar tsirrai a Jamus, Käthe Seidel, ta fara gwada wannan wajen 1950. Daga nan aka koyi gina fadama da hannu.

Ga yadda a ke yi. Da fari a haƙa rami inda ruwan zai kwanta, laka ta zauna a ƙasa. Daga nan ya malala cikin wani faffaɗan kwari mai zurfin ƙafa 2, wanda aka daɓe da yumɓu don kada ya tsiyaya cikin rijiyoyi. A cika kwarin da tsakuwa, a dasa kachalla ko jema. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin tsakuwa, don kada sauro ya sami wurin haihuwa.

Aiki uku ke gudana a ciki. Tsakuwa tana tare datti da ƙwan tsutsa. Saiwoyi suna kai iska ƙasa, sai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yawaita jikinsu, su cinye ƙazantar. Ciyawar kuma tana shan wani kashi na takin. Asirin abin shi ne jinkiri. Sai ruwan ya yi kwanaki a ciki. Wanda ya yi gaggawar sakinsa ya yi aikin banza.

Amma a kula da abu uku. Ruwan da ya fito na ban ruwa ne, ba na sha ba. Ruwan masana'antun jima yana da gubar ƙarfe wadda ke taruwa cikin laka da saiwa, saboda haka kada a ba dabbobi ciyawar wurin. Kachalla kuwa a riƙa yanke ta kafin ta yi iri. Manoman Haɗeja sun ga yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Rigakafi ya fi magani.